Motata Tana Yoyon Baƙin Mai: Tambayoyi da Amsoshi

Yoyon baƙin mai matsala ce da masu mota suka fi rainawa, ita ce kuma ke cinye inji a hankali ba tare da hayaniya ba. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kanta, na amsa su da abin da na sani da wanda na gani da idona. Magana guda za ka ji ina ta nanatawa, kuma da gangan ne: kada a kwance ko noti ɗaya sai an wanke inji an ga ainihin inda man ke fitowa.

Na ga tabo a ƙasa inda mota ta kwana. Ta yaya zan san baƙin mai ne?

Shimfiɗa farin kwali ko takarda mai faɗi a ƙarƙashin gaban motar da dare, ka sa alama a gefen da ke kallon gaba. Da safe ka jawo shi ka duba launi, ka dangwala da yatsa ka murza, ka sunsuna.

Man inji sabo rawaya-rawaya ne mai haske, in ya yi aiki ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi baƙi. A injin dizal kuwa kwana kaɗan ya ishe shi ya yi baƙi ƙirin. Yana da santsi da ɗan kauri, kuma ba ya bushewa a kan kwali, sai dai ya bazu. Man giyar otomatik galibi ja ne, ya kuma fi tsinkewa. Na giyar hannu yana da kauri da wari mai ƙarfi irin na farar wuta, wanda ya taɓa jin sa sau ɗaya ba ya mantawa. Ruwan lagireto kore ne ko ruwan hoda ko shuɗi, gwargwadon irin da aka zuba. In kuwa ruwa ne garau marar wari, kuma ka kunna na'urar sanyaya mota, to gumin na'urar ne, kwantar da hankalinka.

Wanda ba na so ka yi wasa da shi shi ne man birki. Kusan fari ne ko rawaya-rawaya, ya fi fitowa kusa da taya ko ƙarƙashin wajen direba. In shi ka gani, motar ba ta tashi sai an gyara.

Zan iya ci gaba da hawa, ko dole in ajiye ta?

Ya danganta da yadda yoyon yake. Akwai wanda naso ne kawai, wurin ya yi danshi ƙura ta manne amma ba ɗigo. Tsofaffin injuna da yawa haka suke, suna shekaru suna aiki lafiya. Akwai mai ɗiga jefi-jefi, ɗigo biyu ko uku a kwana. Wannan za ka iya lallaɓawa zuwa lokacin da ka shirya gyara, da sharaɗin kana duba geji, wato sandar auna mai, kowace safiya. Sai kuma mai tsiyaya, wanda in inji yana aiki kana kallon man yana sauka. Wannan ba a tafiya da shi ko nan da can.

Duba geji ma yana da ƙa'ida. Mota ta tsaya a wuri mai daidai, a kashe inji a jira minti 5 zuwa 10 man ya koma ƙasa, a zaro sandar a goge, a mayar har ƙarshe, sannan a sake zarowa a karanta. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa kusan lita 1 ce, man injin gaba ɗaya kuma bai fi lita 4 zuwa 5 ba. Ke nan in mai ya sauka zuwa alamar ƙasa, ka rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da injin ke rayuwa da shi.

Jar fitilar nan mai hoton buta da ke kan allon direba, mutane da yawa sun ɗauka tana nufin "ƙara mai". A'a. Tana nufin ƙarfin tura man ya faɗi, wato ba ya kaiwa inda ya kamata. Karanshaf, wato babban shaf ɗin da fistin ke juyawa, a kan siririn shimfiɗin mai yake juyawa, in shimfiɗin ya yanke ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, cikin ɗan lokaci metal, wato mazaunin da karanshaf ke juyawa a ciki, ya cinye inji ya buga. In ta kama kana tafiya, gangara gefe ka kashe mota nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gida.

Makanike ya leƙa ƙasa ya ce gasket ɗin kaskon mai ne. In yarda?

Kada ka yarda tukuna, ko da mutumin kirki ne. Ba zargin sa nake ba, yanayin mai ne haka. Mai ƙasa yake bi, iskar tafiya da ta fanka kuma baya suke kora shi. Duk inda ya fito a jikin inji, ko daga can ƙololuwa ne, ƙarshensa gefen kaskon mai da ke gindin inji, wanda makanikai ke kira botom filet. Nan zai taru ya ɗiga. Shi ya sa kaskon nan ya fi kowane sashe shan zargi a banza.

Ni kaina na faɗa wannan rami da wata tsohuwar mota da na daɗe ina hawa. Sau biyu aka sauke kaskon aka sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗarsa da inji, sau biyu ɗigon ya dawo kafin mako ya zagayo. A karo na uku na ce ba mai taɓa sufana. Muka wanke injin tas, ya bushe, muka barbaɗa farar hoda a bayansa da gefensa har ya yi fari fat, sannan aka tayar. Na kwanta a ƙasa da tocila ina jira. Minti kusan goma ba komai. Can sai na ga wani siririn layi mai duhu yana saukowa cikin hodar kamar sawun tururuwa. Na bi shi da haske zuwa sama, ya wuce kaskon, ya wuce filta, ya tsaya a wani ɗan ƙaramin abu mai waya guda a kansa. Suwic ɗin da ke kunna fitilar mai ne. Da na zare wayar sai ga soket ɗin cike da mai. Kwance shi da ɗaura sabo bai kai minti goma sha biyar ba.

Ga yadda ake bin sawun. A fara da wanki, da inji mai sanyi, da maganin cire maiƙo. A rufe altaneta da akwatin fiyus da soket-soket da leda, kuma kada a harba ruwa mai ƙarfi kai tsaye a kansu. In akwai faifan roba da ya rufe ƙasan inji a cire shi, domin yana tara mai ya zubar da shi a wani gefe daban. In ya bushe a tayar, a bar shi ya yi zafi, a duba da tocila da ƙaramin madubi. Wani yoyon ba ya nuna kansa sai an ba da wuta ko an yi 'yar tafiya, to a zagaya na minti 15 a dawo a sake dubawa. Abin da ake nema shi ne wuri mafi tsayi kuma mafi gaba da yake jiƙe da sabon mai. Can ne bakin zaren.

In hoda ba ta nuna ba, akwai wani rini da ake zubawa cikin man inji. Bayan an yi tafiya sai a haska da fitila ta musamman mai shuɗin haske, duk inda man ya bi sai ya yi ƙyalli kore-kore. Ga injunan zamani da komai ya cushe wuri guda, hannu ba ya shiga ido ba ya kaiwa, wannan hanyar ta fi kowace.

Waɗanne wurare ne suka fi yin yoyo?

Na farko, kuma da nisa, gasket ɗin murfin saman inji, wato top koba. Roba ce da ke zaune a wurin da zafi ke taruwa. Shekara da shekaru tana zafi tana sanyi, sai ta bushe ta ƙandare, in ka lanƙwasa tsohuwa sai ta karye kamar busasshen kara. Alamarsa jiƙewa a gefen murfin, man yana gangarowa ta bayan inji ko kan salansa. A injunan da fulogi ke shiga ta tsakiyar murfin akwai wasu zobba na roba a bakin kowane rami. In suka gaji mai ya cika ramin, kwayil ya jiƙe, inji ya fara rawa yana tsallake wuta. Ka zaro kwayil ka ga jelarsa jage-jage da mai, ka san daga ina ne.

Sai wajen filta: ita kanta, da mazaunin da take ɗaure a kai, da na'urar sanyaya mai in motar tana da ita. Wasu injunan BMW sun yi suna wajen yoyo ta gasket ɗin mazaunin filta, kuma man kan sauka daidai kan fambel. A injunan Honda masu VTEC, wato tsarinsu na sarrafa bawul, akwai ƙaramin gasket a gindin bawul ɗin VTEC da kan bushe ya riƙa zubar da mai ta gefen kan inji. Kowane iri da inda ya fi rauni, shi ya sa makaniken da ya saba da irin motarka kan san inda zai fara haskawa.

Akwai sil-sil na shaf. Karanshaf yana leƙowa waje ta gaba da ta baya, kamshaf ma yana da nasa, kuma a kowace kafa akwai zoben roba mai leɓe da ya rungumi ƙarfen da ke juyawa. In na gaba ya mutu za ka ga fuli yana watsa mai zagaye, ya fantsama har cikin bonet. A nan akwai haɗari ga motar da taimin ɗinta, wato abin da ke daidaita juyin karanshaf da kamshaf, na bel ne. Bel ɗin da aka yi shi don ya yi aiki a bushe, in mai ya jiƙa shi yakan kumbura ya yi laushi, haƙoransa su zube, kuma a injuna da yawa tsinkewar taimin bel na nufin fistin ya daki bawul. Saboda haka in za a canza taimin bel, a duba sil-sil ɗin da ke bayansa tun wurin yana buɗe, in kuma mai ya riga ya taɓa bel ɗin a canza shi ko da sabo ne. Akwai 'yan injuna da aka ƙera bel ɗinsu don ya yi iyo cikin mai, irin EcoBoost 1.0 na Ford da PureTech 1.2 na Peugeot, amma wannan wani bel ne daban.

Ragowar: murfin taimin, notin juye mai, gindin bututun geji, tiyon da ke kai wa tobo mai da wanda ke mayar da shi, da shi kansa kaskon in ya daki dutse ya tsage ko tsatsa ta huda shi. Top gasket, wato wanda ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ma kan yi naso ta waje, amma bai cika zama shi ba.

Motar lafiyarta ƙalau, ana yi mata sabis ta fara ɗiga. Me ya faru?

Ruwa ba ya tsami banza. Duba abubuwa uku da aka taɓa: notin juye mai, filta, da murfin da ake zuba mai.

Notin juye mai yana da washa ta tagulla ko alminiyom da aka yi ta don ta matse sau ɗaya ta toshe kafa. In aka yi ta mayar da tsohuwa sai ta daina riƙewa, mai ɗaurewa kuma ya ƙara ƙarfi, yau da gobe tiredin kaskon, wato zaren da noti ke bi, ya cinye, musamman in na alminiyom ne. Yawancin waɗannan notuna ƙarfin ɗaurinsu tsakanin Nm 25 zuwa 40 ne, ba aikin doguwar sufana da taka ƙafa ba ne. In tiredin ya riga ya tafi, ana sa masa sabon zare na ƙarfe ko a canza kaskon. Naɗa tsumma ko zaren famfo dabarar isa gareji ce kawai.

Filta kuwa kuskurenta mafi muni shi ne tsohuwar robar ta manne a jikin inji, a ɗaura sabuwar filta a kanta ba a lura ba. Roba biyu a kan juna ba sa jure ƙarfin mai. Tana iya riƙewa a tsaye, a hau titi ta fashe, man ya ƙare cikin mintuna. Duk wanda ya kwance filta ya duba ya ga tsohuwar robar ta biyo ta. A shafa wa sabuwar ɗan mai, a murɗa da hannu har ta taɓa mazauninta, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Shi ke nan.

Wani lokaci kuma ba yoyo ba ne sam, man da ya zube ne lokacin zubawa ko cire filta ya maƙale a wani lungu. Wannan yakan ƙafe cikin kwana biyu ko uku. Ka duba geji ma, ko an cika ya wuce alama.

Man yana raguwa amma ba na ganin ko ɗigo a ƙasa. Ina yake zuwa?

Ko yana fita ne sai mota tana gudu iska ta kwashe shi, ko yana sauka kan salansa ya ƙone kafin ya kai ƙasa, ko kuma injin ne ke shan sa. In ka leƙa ƙasan motar ka ga maiƙo ya bi ta har baya, na farkon ne.

Injin da ke shan mai hayaƙi ke tona masa asiri. Shuɗin hayaƙi da safe in an tayar, wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci, ya fi nuna sil-sil ɗin bawul: mai ya kwana yana sulalawa cikin silinda. Shuɗin hayaƙi in an taka wuta ko ana hawa tudu ya fi nuna rin ɗin fistin, ko tobo in akwai. Sai dai motar zamani tana iya shan mai ba a ga hayaƙi sosai ba, saboda matatar da ke cikin salansa tana ƙone shi, har ita ma ta toshe daga baya. Kowane inji yana shan ɗan kaɗan, kuma littafin motar kan faɗi iyakar da kamfanin ya ɗauka daidai ne.

Buɗe murfin lagireto ma, amma sai inji ya huce sarai. In ka ga mai yana yawo a saman ruwan, ko ka ga man da ke kan geji ya yi fari-fari ya yi kauri, to mai da ruwa sun gauraya. Kafin a ce top gasket ne a sauke kan inji, a gwada na'urar sanyaya mai, domin ita ma tana haɗa su in ta fashe ta ciki, kuma aikinta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ina jin ƙaurin mai, wani lokaci har hayaƙi na tashi daga bonet. Zai iya kama wuta?

Zai iya. Bakin salansa da ke manne da inji yana kai ɗaruruwan digiri, ya zarce zafin da man inji ke buƙata ya kama. Ɗigo ɗaya-ɗaya hayaƙi kawai yake yi ya wuce, amma in ya taru a kan garkuwar zafi tare da ƙura da busassun ganye, ko tiyon tobo ya fashe ya fesa, sai dai Allah ya kiyaye. Yoyon da ke sauka kan salansa ba na sa shi cikin waɗanda ake lallaɓawa, ko da kaɗan ne. Shaƙar wannan ƙaurin a cikin mota ma ba alheri ba ne, balle da yara a baya.

An canza gasket, an canza sil, bayan wata guda wani wuri ya ɓalle. Injin ne ya gama?

Kafin ka yanke masa hukunci, a duba numfashinsa. Duk lokacin da wuta ta tashi a silinda, ɗan iska kan kufce ta gefen rin ya gangara cikin inji inda mai yake. Dole a fitar da wannan iskar. Shi ya sa tun shekarun 1960 ake sa wa injuna wani ɗan bawul da ake kira PCV, wanda ke zuƙe ta ya mayar da ita inda za a ƙone. In bawul ɗin ko tiyonsa ya toshe da dattin tsohon mai, iskar ta rasa mafita, sai ta riƙa tura mai ta duk inda ya fi rauni. Ka toshe nan ta ɓulla can. An gudu ba a tsira ba.

Alamunsa: yoyo a wurare da yawa lokaci guda, sandar geji tana ɗagowa da kanta, mai a cikin tiyon iska ko gidan filtar iska. A tsofaffin motoci ana zare bawul ɗin a girgiza, in ba a ji ƙarar motsi a ciki ba ya maƙale. A sababbi da yawa an gina shi cikin top koba, sai dai a canza robarsa ko murfin gaba ɗaya. Abin na ba ni takaici in na ga an sauke giyabos saboda sil, ba wanda ya tuna da wannan ɗan abin da bai fi babban yatsa ba.

In numfashin lafiya lau amma har yanzu iska na bugowa da ƙarfi ta bakin zuba mai, to rin ya gaji. A auna matsin silinda a tabbatar. A wannan halin sabon gasket ba zai daɗe ba sai an yi aikin ciki.

Akwai kuma yoyon da ke dawowa saboda aikin ne bai yi ba: ba a kankare tsohon gasket sarai ba, murfin ya lanƙwashe ko ya tsage, shaf ya yi kwari a inda tsohon sil ya daɗe yana gogawa, ko kayan da aka sa jabu ne. Araha ba ta ado a nan, domin wahalar kwancewa ɗaya ce ko mai kyau aka sa ko marar kyau.

Gam kaɗai ba zai isa ba? Ko dole sai gasket?

Bi yadda aka ƙera injin. Akwai wuraren da tun daga kamfani gam ne kawai, ba gasket, kamar kaskon mai da murfin taimin na injunan Toyota da yawa. A nan gam ne daidai, amma irin wanda ke jure mai da zafi. Inda kuma aka yi wa gasket na roba gurbi, gasket za a sa, a bushe, sai ɗan ɗigon gam a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu. Lafta gam a kan robar yana sa ta zame daga gurbinta.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan gam. Duk wanda ka gani ya tsatso ta waje bayan an ɗaure, kwatankwacinsa ya tsatso ta ciki. Wannan na cikin zai ɓantare ya faɗa cikin kasko, famfon mai ya zuƙo shi ya manne a ragar bakinsa. Na taɓa ganin raga irin wannan an ciro ta, rabinta a toshe da zaren jan gam kamar tsutsotsi. Garin gyaran gira an rasa ido. Siririn layi na milimita 2 zuwa 3 ya isa, a zagaye ramukan noti ta ciki, fuskokin biyu su kasance tas ba maiƙo ko kaɗan. A kuma ba shi lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa kafin a zuba mai a tayar.

In na koma mai mai kauri, ko na zuba maganin tsayar da yoyo fa?

Mai kauri yana iya rage ɗigon kaɗan, amma ba ya ɗinke robar da ta tsage. Injin da aka ƙera don mai marar kauri irin 0W-20 ko 5W-30 yana da ƙananan hanyoyi, kuma na'urar da ke sarrafa taimin ɗinsa da ƙarfin mai take aiki. Ka ɗura masa mai kauri irin 20W-50, da safe man zai yi jinkirin kaiwa sama, a daidai lokacin da inji ya fi cin kansa. Tsaya kan abin da littafin motar ya ce.

Maganin tsayar da yoyo kuwa aikinsa ya ɗan kumbura roba ya tausasa ta. In sil ya fara bushewa ne kawai, yana iya rage naso na wani lokaci. Ba ya komai ga kaskon da ya tsage, ko tiredin da ya cinye, ko gasket da ya karye. Ga tsohuwar motar da aikin ya fi ƙarfin darajarta, ban ga laifin gwadawa ba. Ga motar da kake son ka daɗe da ita, gyara kawai.

Gaskiya ne man sintetik yana jawo yoyo?

Ba ya huda roba mai lafiya. Abin da kan faru shi ne, a tsohon injin da datti ya daskare ya toshe wata tsaga, man mai kyau ya wanke dattin sai tsagar ta bayyana. Da ma tana nan.

An ce sil ɗin baya ne, sai an sauke giyabos. Ba wata hanya?

In shi ne da gaske, babu. Sil ɗin yana bayan fulawil, tsakanin inji da giyabos, hannu ba ya kaiwa sai an raba su. Shi kansa ƙaramin zobe ne, aikin kaiwa gare shi ne babba. Don haka ne nake cewa a tabbatar kafin a fara. Man da ke ɗiga daga mahaɗar inji da giyabos yana iya zama daga bayan top koba ya gangaro, ko daga suwic, ko daga ƙarshen kasko, ko ma man giya ne daga sil ɗin giyabos. Launi da wari za su raba maka gardama, wanki kuma zai nuna ko daga sama yake.

In an tabbatar, a yi komai lokaci guda. A motar giyar hannu a duba kuloci, in mai ya taɓa faifansa ba ya wankuwa, zai yi ta zamewa yana karkarwa. A otomatik a duba sil ɗin gaban giyabos. A kuma karanta takardar sabon sil ɗin: na roba ana shafa wa leɓensa ɗan mai, amma akwai na PTFE, wani irin filastik mai santsi, da ake sawa a bushe da hular da ta zo da shi, in aka shafa masa mai ko aka tura shi a karkace zai yi yoyo tun ranar farko.

Wanne zan iya yi da kaina?

Wanki da bin sawu, canza washa, filta, murfin zuba mai, bawul ɗin PCV in yana waje, suwic ɗin fitilar mai in hannu na kaiwa. Gasket ɗin top koba ma mai haƙuri zai iya a injin silinda huɗu. Ka ɗauki hoton komai kafin ka zare waya ko tiyo. Notunansa ƙanana ne, ƙarfinsu wajen Nm 10 ne a yawancin motoci, ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, a tsallake-tsallake, kaɗan-kaɗan. Ƙara matse noti don yoyo ya tsaya ba ya aiki a kan robar da ta bushe, sai dai notin ya karye a ciki ko murfin ya tsage.

Duk abin da ya shafi taimin, ko sauke giyabos, ko kan inji, bar wa mai sana'a.

Ina roƙonka da abu guda. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya ne. Sa mata ƙafafun ƙarfe a ƙasa mai tauri, ja birkin hannu, tokare tayoyi. In kana duba inji yana aiki, nisanta hannu da hannun riga daga bel da fanka, ka tuna fankar lantarki tana tashi da kanta ba sallama. Tsohon man da ka juye ka tara shi a jarka ka kai inda ake karɓa, kada ka zuba a kwata ko a ƙasa, ƙarshensa ruwan da mutane ke amfani da shi.

Bayan gyara, ta yaya zan tabbatar ya tsaya?

A sake wanke wurin kafin ka karɓi mota, in ba haka ba tsohon man da ya maƙale a lunguna zai yi ta ɗiga ka rasa gane sabo ne ko tsoho. A tayar a gabanka har fanka ta tashi, ka haska wurin da aka yi aikin. Ƙaurin da ya rage a kan salansa zai iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu kafin ya ƙone ya ƙare.

Daga nan ka cika mai daidai alamar sama, ka rubuta lambar kilomita a takarda, ka mayar da sabon kwali ƙarƙashinta na mako guda. Bayan kilomita 500 ka duba geji a wuri ɗaya da yanayi ɗaya, ka sake dubawa a 1,000. In kwalin ya fito fes amma geji ya sauka, to koma tambayar da ta yi maganar hayaƙi, don akwai sauran man da ke bi ta cikin inji.